Yaron warshata (shagon waldata) ya fara canzawa, in sallame shi ko in riƙe shi?

Usta_Gadarif ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen masu yara a ƙarƙashinsu, makanikai, teloli, kafintoci, duk wanda aka taɓa kawo wa ɗa aka ce ga amana koya masa sana'a.

Ni mai walda ne a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe muke yi, in damina ta kawo kai kuma gyaran disk ɗin huɗa da tirelar manoman dawa da riɗi shi ke riƙe mu. Kafin yaƙi yarana ba su da yawa. Amma tun da aka fara a watan Afrilun 2023 mutanen Khartum suka zubo mana, ƙarshen shekarar na Madani suka biyo, 2024 kuma na Sinja, makarantu suka koma wurin kwanan 'yan gudun hijira, kowane uba yana neman inda zai cusa ɗansa kar ya lalace a titi, sai ga rumfata cike da yara, namu Hausawa da waɗanda ba namu ba. Ni ban saba tambayar yaro ƙabilarsa ba kafin in miƙa masa guduma, haka ustana, maigidan da ya yaye ni, ya koya min.

Akwai guda ɗaya da ya tsaya min a rai. Bai wuce sha bakwai ba, Bahaushe ne ɗan wajen Rusairis a jihar Blue Nile, rikicin ƙabilanci na 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar ne ya koro su kuma a ciki ya rasa yayansa, kawunsa ne ya kawo min shi. Wallahi yaron yana da hannu, in ya ja layin walda ba sai ka bi da giranda ba, kuma ko ka manta kuɗi a aljihun riga haka za ka dawo ka same su. To 'yan watannin nan ya canza. Waya ce ta fara, kullum abu a kunne, in na leƙa sai in ga bidiyon gawawwaki ko wani yana ta kururuwa wai an raina mu, an kashe mu, lokacin ramuwa ya yi. Sai duk maganarsa ta koma "mu" da "su". Lokacin fatur, wato karin kumallo, a kwano ɗaya muke haɗuwa, ful (dafaffen wake) da man riɗi da albasa a farfasa burodi a ciki kowa ya sa hannu, shi kuwa yanzu sai ya gutsuri burodinsa ya shige ƙarƙashin tirela ya ci haka gaya, wai akwai yaro a cikinmu da danginsu ne suka kashe masa ɗan'uwa, alhali wancan yaron a Khartum aka haife shi, ko hanyar Damazin babban birnin jiharsu bai sani ba. Satin da ya wuce wani dattijo ya kawo aikin ƙofa na ce ya bi shi ya auno, ya tsaya da mita a hannu ya ce shi ba ya yi wa irin waɗannan aiki. A gaban mutumin fa.

Abin da ya fi tada min hankali, ɗaya daga cikin yaran ya tsegunta min akwai wani mai babur da ke zuwa ɗaukarsa bayan magariba, yana ce masa me za ka tsinta a walda, zo a ba ka albashi da abin kare kanka.

To ya zan yi? In sallame shi don kar ya ja min sauran? In kai maganar wajen kawunsa, wanda na san duka kawai zai yi masa? Ko in kai hukuma? Sannan na ji an ce a Ingila duk mai koyon sana'a sai an haɗa masa da darasin zaman tare da gudun tsattsauran ra'ayi, dan Allah wanda ya san yadda suke yi ya faɗa mana ko akwai abin da za mu ɗauka.

Direban_Lori ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Usta ka ji tausayin sauran yaran da iyalinka ka sallame shi tun da wuri. Wake ɗaya ke ɓata gari. Yau ya ƙi auna ƙofa, gobe ba ka san me zai shigo maka da shi warsha ba, kuma in aka kama shi da wani abu a wannan zamanin ba za a tsaya tambaya ba, kai ma da kai za a tafi tunda a hannunka yake. Mu da muke kan hanya kullum mun ga yadda ake yi a shingaye, yaro ɗan bana bakwai da bindiga a kafaɗa yana tambayar sa'an ubansa ƙabilarsa. Ka kira kawun ka damƙa masa abinsa a gaban shaidu, ka ce ga amanarka na dawo da ita lafiya. Ba kai ka haife shi ba.

Hajiya_Mai_Ɗinki ta rubuta:

Direba Allah ya huci zuciyarka, na san tsoro ne ya sa ka faɗi haka kuma tsoron yana kan hanya, amma in Usta ya kore shi yau ina kake jin zai kwana gobe? Wajen mai babur ɗin nan zai je, kuma da hujjarsa a hannu, ka gani ko, har ustanka Bahaushe ɗan'uwanka ya zaɓi bare ya kore ka. Abin da mai babur yake jira kenan.

Ni a Kassala nake, ina da 'yan mata masu koyon keke. Watan Yulin 2022 da labarin rikicin Blue Nile ya iso mana yaranmu suka fita da safe kuka suke kan jinin 'yan'uwa, kuma kukan gaskiya ne, sama da mutum ɗari aka kashe a 'yan kwanakin nan, a watan Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi wanda ya fi na farko muni. Amma kafin rana ta yi tsaka hayaƙi ya tashi daga wajen kasuwa, an cinna wa ofisoshi da shaguna wuta, washegari mu da muke zaune da maƙwabta shekara da shekaru, muna aika musu abinci suna aiko mana, muka rasa inda za mu sa fuskarmu. Wasu daga cikin masu shagunan ko sanin inda Rusairis take ba su yi ba. Tun ranar na san yaron da ke ɗauke da baƙin ciki in ba a samu babba ya zauna da shi ba, wani zai zo ya karɓi baƙin cikin ya yi kasuwa da shi.

Shi ya sa nake tambayarka Usta, tunda yaron nan ya zo hannunka an taɓa zama da shi an yi masa ta'aziyya ta gaske? Ba Allah ya jiƙan rai a tsaye ba, a'a, a ce ya sunan yayan naka, me yake yi a duniya, ya abin ya faru, a bar shi ya faɗa ko zai yi kuka ya yi. Mu mutanenmu namiji ba ya kuka, sai ya haɗiye abin ya zama dafi.

Tambaya ta biyu kuma kar ka ji haushina, nawa kake ba shi? Don in kuɗin fatur da na raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ne kawai alhali ka ce layinsa ba ya buƙatar giranda, to yaron ya san aikinsa yana kawo kuɗi, kuma yana da uwa a ɗakin haya ko a aji a makaranta tana jiransa.

A shagona ba na wa'azi, dokoki ne 'yan kaɗan kuma ni ce farkon mai bin su. Wadda ta riga kawo ɗinki ita ake fara yi wa ko matar umda mai gari ce ta zo daga baya. Ba a kiran kowa da sunan ƙabila ko da wasa. Duk rigar da yarinya ta ɗinka da kanta tana da kasonta a ciki kuma a gabanta ake lissafin. In aka yi rasuwa ko haihuwa a gidan ɗaya daga cikinsu rufe shago muke mu tafi gaba ɗaya, na ga yarinyar da ba ta gaida wata saboda abin da ta ji a gida, ranar da suka tsuguna tare suna wanke tukwane a gidan makoki daga nan maganar ta mutu. Amma kar ka tilasta masa komawa kwanon nan yanzu, bar shi tukuna.

Ɗan_Mai_Wurno_Birmingham ya rubuta:

Salam Usta, bari in amsa maka ɓangaren Ingila tunda ɗana yana koyon aikin wayarin ɗin wuta a nan, na ga takardun da idona.

Gaskiya ne abin da ka ji. Shirin sunansa Prevent, ya daɗe amma a 2015 aka yi dokar da ta ɗora shi a wuyan makarantu da kwalejoji da asibitoci da gidajen yari, har da cibiyoyin da ke horar da masu koyon sana'a. Dole malamai su san alamun yaron da ake ja zuwa ta'addanci, dole kuma a koya wa yara wasu abubuwa huɗu da suke ce wa ɗabi'un Birtaniya, wato dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin mutum a kan kansa, da mutunta juna tare da haƙuri da mai wani addini ko ra'ayi. Hukumar duba makarantu Ofsted in ta zo tana iya tsayar da yaro ta tambaye shi me ya sani a kai. In malami ya ga abin da bai kwanta masa ba akwai wani ma'aikaci a cibiyar da aka ware don kare yara, wajensa ake fara kai magana, in ta yi nauyi a miƙa ta gaba, akwai wani kwamiti da ake kira Channel mai haɗa ƙaramar hukuma da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da na makaranta, su nema wa yaron wanda zai riƙa zama da shi, kuma sai ya yarda, ba kotu ba ce. A shekarar 2023 zuwa 2024 mutanen da aka miƙa sun kusa 7,000, mafi yawa daga makarantu, kuma abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne a 'yan shekarun nan waɗanda ake miƙawa saboda aƙidar fifita farar fata sun fi waɗanda ake miƙawa da sunan Musulunci yawa.

To ra'ayina. Akwai abin da ya yi kyau akwai wanda bai yi ba. Wanda bai yi ba, Musulmin nan da yawa suna ganin leƙen asiri ne aka sa wa rigar tarbiyya, kuma na ga illar a gidana, yaro ya koyi kama bakinsa a aji, in ana maganar Falasɗinu ko Sudan sai ya yi shiru don kar a rubuta sunansa, to yaron da ya daina magana a gaban malami ai a waya zai je ya yi ta, inda babu mai gyara masa. Sannan darasin kansa wani lokacin tambayoyi ne a kwamfuta, ka latsa amsa ka wuce, minti kaɗan an gama an ce ka koyi haƙuri da mutane.

Wanda ya yi kyau kuma ba darasin ba ne ma, tsarin koyon ne. Yaro ma'aikaci ne tun ranar farko, akwai yarjejeniya a rubuce, akwai mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa mai koyo, kusan kwana ɗaya a sati yana kwaleji, ya san shekarar da zai gama da takardar da zai fita da ita. In ubangidansa ya ci zalinsa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A nan ɗana ya gane me ake nufi da bin doka, ba a kwamfuta ba.

Maganar kai shi hukuma kuwa ina roƙonka ka bi a hankali. Can ba nan ba ne, ƙasa tana cikin yaƙi, yaron da aka shiga da shi kan zargi Allah kaɗai ya san yadda zai fito da ranar da zai fito, kuma har yanzu bai aikata komai ba illa baƙar magana. In ka ga makami ko ka ji ana shirya taɓa ran wani, wannan kam ba a rufewa, ko ɗan cikinka ne. Kafin nan akwai dattawan unguwa da limami da sarkin Hausawanku.

Abu ɗaya da nake so a riƙa faɗa wa yaranmu, su ba baƙi ba ne a Sudan. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a suka kafa garinmu Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kafin su ma alhazai sun daɗe suna bin hanyar suna zama. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 kakanninmu suna cikin waɗanda suka noma audugar Jazira. Mai babur yana ce masa ba ka da kowa sai mu, alhali yana da shekara sama da ɗari na gumin kakanni a ƙasar, wanda ya san haka ba ya saurin sa mata wuta.

Mai_Gyaran_AC_Makka ya rubuta:

Usta sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ka. Ni haifaffen Makka ne, kuma mu nan mun ɗanɗana tun kafin kowa. Mahaifina Allah ya jiƙansa har ya rasu yana ba mu labarin asubar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, da Juhaiman da mutanensa suka rufe ƙofofin Harami, sati biyu ba ɗawafi, daga Misfala suna jin harbi a inda ko tsuntsu ba a kashewa. Waɗanda suka bi shi da yawansu samari ne masu son addini, ba 'yan iska ba ne, an dai same su ne a lokacin da suke neman wanda zai ce musu kuna da muhimmanci. Shekara ɗaya bayan nan a Disambar 1980 Maitatsine ya yi nasa a Kano, sama da mutum 4,000 suka mutu, mabiyansa kuwa yawanci samarin da suka shigo birni neman abin yi ne suka rasa mai riƙe su. Na Boko Haram a Maiduguri ma waɗanda suka fito daga ciki sun faɗa da bakinsu, wasunsu ba wa'azi ne ya fara jansu ba, rance aka ba su na jari, mai shago mai babur mai ɗinki, ranar biya ta zo babu, aka ce to zo ka biya da jikinka.

Ka duba kuma abin da gwamnatoci suke yi bayan ɓarna ta auku. A nan bayan hare-haren Riyad na 2003 aka fito da shirin Munasaha, a zaunar da mutum da malamai da likitocin ƙwaƙwalwa, a jawo iyalinsa, in ya fito a taimaka masa da aiki. A Najeriya tun 2016 suna da sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe na tubabbun Boko Haram, me ake koya musu a ciki? Walda, kafinta, ɗinki, aski. Wato abin da ake kashe maƙudan kuɗi a ba mutum bayan ya zubar da jini, kai yana hannunka tun yaron bai taɓa kowa ba. Dan Allah kar ka sake shi.

Amma sana'a kaɗai ba ta isa in yaro bai hango ƙarshenta ba. Matsalarmu Hausawa kenan, yaro ya shekara da shekaru ana aikensa sayen shayi, in ya tambayi yaushe za a yaye shi a ce ya cika gaggawa. Dubi Igbo a Najeriya, tun ranar da aka kawo yaro an san shekarun da zai yi, ranar sallama ubangida ya ba shi jari ya buɗe nasa. Ni abin da nake yi, yaro in ya iya cika gas da walda bututu shi kaɗai sai in fara cire masa wani abu daga kowane aiki ina ajiyewa, littafin yana hannunsa ba hannuna ba, da shi za a sayi geji da injin bakiyum da akwatin kayan aikinsa. Ka kira kawun ku zauna ku uku ku yanka lokaci, a ce in ka kai wata kaza ga ƙaramin injin walda naka ne. Yaron da yake ƙirga watannin da suka rage masa ya zama usta ba ya hawa babur ɗin kowa bayan magariba.

Malamin_Khalwa ya rubuta:

Bismillah. Usta Allah ya saka da alheri da ba ka yanke hukunci cikin fushi ba. Abin da Hajiya da Alhajin Makka suka faɗa na kuɗi addini ne tsantsa, Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe. Anas ɗan Malik yaro ne da aka kawo shi hidima, ya ce shekara goma yana yi wa Annabi aiki bai taɓa ce masa tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ba. To duk mai yara a hannunsa ya auna kansa da wannan, don a warshoshinmu zagin uwa da marin ƙeya sun zama kamar wani ɓangare na koyarwa, yaron da ake wulaƙantawa da rana shi ne mai saurin amsa kiran wanda zai ce masa jarumi da dare.

Yadda za ka yi masa magana, kar ka yi a gaban yara kuma kar ka fara da cewa ƙarya ake faɗa maka, don ba duka ne ƙarya ba, an kashe masa ɗan'uwa da gaske. Ka amsa masa wannan tukuna, ka ce zalunci ne kuma Allah ba zai bari ba. Daga nan sai ka tambaye shi, wannan yaron da kake gudun kwano da shi, shi ya kashe? Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Ka ba shi labarin Usama ɗan Zaid, saurayi ne abin ƙaunar Annabi, a fagen yaƙi ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi ya yi ta maimaita masa ko ka tsaga zuciyarsa ka gani, har Usama ya yi burin a ce ranar ya musulunta. Wannan a tsakiyar yaƙi kenan, ina ga dattijon da ya zo da kuɗinsa a yi masa ƙofa. Ranar da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya kira nasa, Annabi cewa ya yi ku bar ta, wari gare ta.

Kuma ka bar shi ya yi maka gardama, kar ka ce rufe min baki. Ibn Abbas da ƙafarsa ya je wajen Khawarijawa ya ce ku kawo hujjojinku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, dubbai suka dawo. In tambayar ta fi ƙarfinka ba laifi, ka nemi malami mai sanyin hali ku je tare, ba mai tsawa ba.

Dattijon nan mai ƙofa kuma yana da haƙƙi. A je a ba shi haƙuri, kai da kanka ka ɗauki yaron ku je awon tare, kai ka yi sallama ka gaisa shi ya riƙe bakin mita.

yaron_garej ya rubuta:

slm iyayena kuyi haƙuri in sa baki, ni sa'an yaron ne kusan kuma a garej nake. gsky abinda manya basu ganewa shine wayar nan ba a ƙwaceta, in kun ƙwace zai ari ta wani kuma daga ranar ya daina gaya muku komai. a TikTok in ka tsaya kan bidiyo ɗaya na kashe kashe shikenan gobe goma zasu zo maka, har ka ɗauka duk duniya abinda akeyi kenan, wasu bidiyon ma ba na Sudan bane ko na shekarun baya ne a sake ɗora musu murya da Hausa ko Larabci a tura group. ni wani yayana a garej ne ya nuna min yadda ake ɗaukar hoton bidiyo a nema a Google a ga asalinsa, wlh ranar naji kunya kuma naji haushin masu turowa. Usta ka samu babba a cikin yaranka wanda yake jin maganarsa ya riƙa jansa ƙwallo da yamma, don lokacin da ake tashi aiki zuwa isha'i shine lokacin haɗarin. kuma dan Allah kar a gane wanda ya tsegunta maka, zasu iya yi masa illa

Usta_Gadarif ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya amsar tambayarki, kuɗin fatur da na mota nake ba su, sai ranar Alhamis in an samu aiki mai kauri in ƙara musu wani abu, haka aka yi mana. Na zauna na yi lissafi, daga wannan watan duk wanda ya haɗa ƙofa ko taga shi kaɗai zan yanka masa kaso in tura masa ta manhajar banki ta Bankak a gabansa, ba shi kaɗai ba, duk yaran, don kar ya zama kamar lada ake ba mai tada hankali.

Jiya bayan an tashi na ce ya tsaya ya taya ni naɗe waya, na tambaye shi sunan yayansa. Ashe masunci ne, shi ya koya masa iyo a Nilu. Mun daɗe, ban kawo maganar babur ba ko kaɗan. Awon ƙofa kuma ya ce zai bi ni amma ba zai shiga gidan ba, na ce to ka tsaya a bakin ƙofa ai ita za mu auna.

Kawun zai zo Juma'a bayan masallaci. Alhajin Makka dan Allah turo min yadda kake rubuta littafin nan naka, kuma wa kuke sawa shaida in za a yanka lokacin sallama, limami ko shugaban masu sana'a?

Direban_Lori ya rubuta:

To Usta tunda ka zaɓi riƙewa Allah ya taya ka, ni dai har yanzu hankalina bai kwanta da mai babur ɗin nan ba. Ko ba komai ka sanar da dattawan unguwar cewa akwai mai zagayen yaran warshoshi, don ba yaronka kaɗai yake ɗauka ba, sauran ustoci ma su sa ido. Ina shigowa Gadarif ɗaukar riɗi sati mai zuwa, in kana so in tambayo maka kuɗin ƙaramin injin a Bur Sudan kafin in taso ka yi min magana.